Gishiri, Toka da Alli: Ina Gaskiyar Magungunan Kiyashi?

Da ruwan farko ya sauka a Kaduna, wajen Afrilu zuwa Mayu, kiyashi yakan zama abin hira a gidajen haya na Kakuri da Makera da Nasarawa, har zuwa sababbin unguwanni irin su Kamazo da Gonin Gora. Mai shayi a bakin titin Kachiya ya ɗaga murfin gwangwanin madara, ya tarar an riga shi. Uwargida a Narayi ta kife sauran ƙosai da faranti, kafin ta dawo daga shanya kwanon ya yi jajir. Duk wanda aka kai wa kuka kuwa likita ne. "Anti, barbaɗa gishiri kawai." "Haba maƙwabciya, ai toka ce maganinsu." Wani ya rantse da allin kyankyaso na 'yan talla, wata ta turo saƙon murya a WhatsApp wai garin masara yana fasa musu ciki.

A cikin maganganun nan akwai na gaske, akwai rabi da rabi, akwai ƙarya tsagwaronta. Akwai kuma waɗanda bin su ya fi kiyashin illa.

Yadda baƙin suke aiki

Bahaushe bai yi wa ƙwarin nan kuɗin goro ba. Ya ware kiyashi, ɗan mitsitsi mayen suga da maiƙo. Ya ware tururuwa, baƙa mai jan hatsi zuwa rami, da cinnaka mai cizo, da gwano mai wari, da kwarkwasa mai tafiya runduna guda. Masana sun raɗa wa nau'i sama da 14,000 suna, wani bincike da aka wallafa a 2022 kuma ya ƙiyasta cewa da za a raba su ga mutanen duniya, kowa zai tashi da kimanin miliyan 2.5. Maganar ƙarar da su ma ba ta taso ba. Abin nema shi ne su tsaya a waje.

Layin nan da ake gani a jikin bango, ma'aikaciya ɗaya ce take buɗe shi. Ta fito kiwo, ta ci karo da ɗigon shayi, ta sha, ta koma gida tana goga ƙarshen cikinta a ƙasa, tana barin wani wari da hancin mutum ba ya ji. 'Yan'uwanta su bi warin, kowace ta ƙara nata a hanyar dawowa, kafin a ankara an yi babban titi. A 1959 masanin nan Edward Wilson na Jami'ar Harvard a Amurka ya gano ƙullin da ke fitar da warin a jikin wani jan cinnaka, ya shata layi da ruwansa, suka bi layin tiryan-tiryan alhali babu abinci a ƙarshensa.

Waɗanda ke kan layin ma'aikata ne, dukkansu mata, kuma ba su ne ke haihuwa ba. Uwar da ke zuba ƙwai tana can cikin tsagar bango, ko ƙarƙashin daɓen siminti, ko bayan tayil. Saboda haka tambaya uku ake yi wa kowane magani: hanya yake sharewa, tare ta yake yi, ko yana isa har wurin uwar?

"Lemun tsami da ruwan khal suna korar su"

Gaskiya ne, amma na ɗan lokaci. Idan aka goge bango da tebur da ruwan lemun tsami ko ruwan khal, warin hanya ya tafi, sai a ga kiyashi yana dawurwura ya rasa gabas. Ruwan omo ma yana yin haka, ya fi araha, kuma yana kashe waɗanda ya jiƙa domin yana shiga 'yan ƙofofin da suke numfashi da su a gefen jiki. Sai dai gidansu na nan lafiya lau. Muddin abin da ya kawo su yana wurin, wata za ta sake gano shi gobe ta buɗe sabon layi.

"Toka tana tare su"

Wannan ma gaskiya ne, da sharaɗi. Busasshiyar toka mai laushi tana manne wa ƙwaro, ta kankare maiƙon da ke hana jikinsa bushewa, shi ya sa ba sa son ratsa ta. Dabarar da manoma suka daɗe suna yi ce, ta cakuɗa wake da toka a ajiya don hana shi ƙwari. Amma da ta jiƙa aikinta ya ƙare, iska kuma tana kwashe ta. A Agusta da Satumba, lokacin da ruwa ke zuba kusan kullum a Kaduna, layin tokar da aka yi a bakin ƙofa da magariba da wuya ya kai asuba.

Inda toka ta fi amfani shi ne ranar da kwarkwasa ta kawo ziyara, abin da gidajen da ke gefen daji ko kusa da rafi suka sani da damina. Kwarkwasa makauniya ce, ba ta zama wuri guda, wucewa take yi, kuma takan share kyankyasai da sauran ƙwarin gida a hanyarta. Haɗarinta yana kan wanda ba zai iya gudu ba: jariri, majinyaci, 'yan tsaki a akurki, zomo a keji. Su ake fara ɗaukewa, sannan a zuba toka mai kauri a bakin ɗakin kwana, a bar mata hanyar fita. Toka mai rushi a ciki kuwa ƙafar yaro take ƙonawa.

"Kanumfari a cikin suga, kirfa da barkono a bakin taga"

Rabi da rabi. Man da ake tatsa daga kanumfari da kirfa da na'a-na'a yana korar ƙwari, mai ƙarfinsa har yana kashe su a ɗakin gwaji. Amma tataccen mai daban, ƙwaya biyar ta kanumfari a cikin mudun suga daban. Ƙamshin yana raguwa cikin kwanaki, kiyashi mai jin yunwa kuma zagayewa yake yi. Garin barkono a ƙasa ya fi kusa da idon yaro mai rarrafe fiye da uwar kiyashi.

"Ganyen darbejiya yana gama da su"

An zuzuta. Darbejiya, ko dogon yaro, tana ɗauke da sinadarin azadiraktin, wanda masana biyu suka fara warewa a Jami'ar Keele ta Ingila a 1968. Aikinsa shi ne hana ƙwaro cin abinci da hana tsutsa rikiɗa ta girma, shi ya sa yake taimakon mai lambu da mai rumbu. Ya fi yawa a cikin ƙwallon 'ya'yan, ba a ganye ba, kuma rana tana lalata shi da sauri. Kiyashin da ke kan tebur ya riga ya gama girma. Duk wanda ya taɓa zama a gindin darbejiya a Barnawa ya ga cinnaku suna hawa da sauka a jikinta hankali kwance.

"Gishiri yana kashe su"

Ƙarya ne, wani lokacin ma gayyata ce. A 2008 Michael Kaspari na Jami'ar Oklahoma da abokan aikinsa sun ajiye ruwan gishiri da ruwan suga a wurare daban-daban na nahiyar Amurka, daga bakin teku zuwa can cikin ƙasa. Suka ga duk inda aka yi nisa da teku, sha'awar ƙwarin ga gishiri ƙaruwa take yi, domin jikinsu yana buƙatarsa kuma ya yi ƙaranci a wurin. Tsakanin Kaduna da teku ɗaruruwan kilomita ne. Tulin gishiri zai iya karkatar da layi kamar yadda kowane gari zai yi, amma da damina narkewa yake, ya ci ƙofar ƙarfe da tsatsa, ya kashe shukar da ke kusa.

"Garin masara ko ɗanyar shinkafa tana kumbura ta fasa musu ciki"

Babu ƙamshin gaskiya a nan. Babban kiyashi ba ya haɗiye abu mai tauri. Akwai wata 'yar jaka a bakinsa da ke tace abinci, ruwa kaɗai ke wucewa cikinsa. Ƙwayar da aka ga yana ja, gida yake kai ta, tsutsotsin 'ya'yansu su narkar da ita, jama'ar ramin su amfana. Tururuwa ma hatsi ne abincinta tun asali. Wanda ya barbaɗa garin masara a lungu sadaka ya yi musu, ya kuma kira ɓera.

"Alli ne kawai, ba guba ba ne"

A nan ne haɗari ya fara. Alli iri biyu ake magana. Na makaranta, idan aka ja layi mai kauri da shi, yana rufe warin hanya na 'yan mintuna, daga nan su tsallake. Na cikin ɗan kwali mai hoton kyankyaso kuwa yana kashewa da gaske, domin an cuɗa shi da maganin ƙwari irin su deltametrin ko saifametrin, dangin abin da ake feshin gona da shi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kansa, sayar da shi ma laifi ne a can, saboda yara suna ɗaukarsa allin rubutu su kai baki. A ɗaki ɗaya da ake girki, ake kwana, yaro ke rarrafe, layin da aka ja a ƙasa yana ƙarewa ne a tafin hannun yaron.

"Ɗan fiya-fiya kaɗan ba ya komai"

Yana yi. Fiya-fiya da Sniper duk tushensu sinadarin diklobos ne, guba mai taɓa jijiyoyi wadda ke shiga jiki ta numfashi, ta fata, da ta abinci. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa a buɗaɗɗun kasuwanni da manyan kantuna. Yayyafa shi kusa da buhun garin kwaki ko kwandon kwanuka sayen ciwo ne da kuɗi.

Kuma ko ta fuskar aikin ma yakan ba da kunya. Wani ɗan mitsitsin kiyashi mai launin ruwan zuma, wanda masana ke kira kiyashin Fir'auna, iyaye da yawa gare shi a gida ɗaya. Idan aka yi masa feshi sai gidan ya tarwatse, kowane ɓangare ya ɗauki ƙwai da 'ya'ya ya kafa nasa a wani lungu. Mai gida ɗaya ya wayi gari da uku.

"A tsiyaya kananzir ko baƙin mai a ramin, a ƙyasta ashana"

Kananzir yana kashe waɗanda ya taɓa, amma yana nitsewa cikin ƙasa, ga shi gidaje da yawa a Unguwar Romi da Sabon Tasha da rijiyar tsakar gida suka dogara. Wuta kusa da janareta da jarkar fetur kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Ta fuskar addini ma, ƙwaron nan yana da daraja a wurin mutanen unguwannin nan baki ɗaya: sura ta 27 a Alƙur'ani sunan tururuwa take ɗauke da shi, sura ta 6 ta littafin Karin Magana a Littafi Mai Tsarki kuma ta kafa misali da himmarta. Malaman Musulunci sun yarda a kawar da mai cutarwa, amma sun yi hani da ƙona shi da wuta.

"Shigowarsu farat ɗaya alama ce"

Wasu su ce arziki ne ke tafe, wasu su ce jifa ne. Yanayi ne. Deborah Gordon ta Jami'ar Stanford ta bi diddigin shigar kiyashi gidajen jama'a a Kalifoniya, sakamakon da ta wallafa a 2001 ya nuna sun fi kutsowa a lokacin ruwa da sanyi, sai kuma lokacin tsananin zafi da fari, kuma feshin magani bai sauya wannan jadawali da wani abin kirki ba. A Kaduna ma lokaci biyu ne. Da damina ruwa ya cika ramukansu, sai a gan su ɗauke da fararen 'ya'yansu suna neman tudu. A zafin Maris kuwa ƙishirwa ke kawo su, shi ya sa ake samunsu a gindin randa, a murfin jarkar da ɗan garuwa ya cika, da ƙarƙashin famfo mai ɗiga.

"In kiyashi ya taru a kan fitsari, ciwon suga ne"

Akwai tushe, amma ba hukunci ba ne. Likitocin Indiya na zamanin da sun lura da haka, kuma gaskiya ne idan sugan jini ya haura kimanin 180 a ma'aunin na'urar gwaji, ƙoda takan fara zubar da shi cikin fitsari. Sai dai fitsarin mai lafiya ma yana da ruwa da gishiri, duka biyun kuma kiyashi yana so. A ɗaya ɓangaren, mutum zai iya shekaru da ciwon suga kiyashi bai taɓa kula fitsarinsa ba. Ɗigon jini ne ke raba gardama: 126 ko sama da haka kafin karin kumallo, idan an maimaita an sake samu, shi likita ke kira ciwon suga. Wanda ya ga alamar, musamman in ga yawan ƙishirwa da yawan fitsarin dare da rama, ya nufi asibiti, ko na Gwamna Awan ko St Gerard a Kakuri, ko babban asibitin Sabon Tasha.

"Kiyashi ba shi da ƙazanta, a kaɗe a ci"

Ba kullum ba. Ƙafar da ta taka burodi ita ta ratso kwata da bola. A 1972 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken Susan Beatson, wadda ta samu ƙwayoyin cuta irin su salmonela a jikin kiyashin Fir'auna a asibitocin Ingila. Ga babba mai lafiya haɗarin kaɗan ne, sugan da za a zuba a tafasasshen shayi ba sai an zubar ba. Amma madarar jariri, abincin majinyaci da bandejin ciwo, waɗannan ba a yi musu sassauci.

"Sun yi fiffike, sun kusa ƙarewa"

Karin maganar da ke cewa in tururuwa ta tashi lalacewa fiffike take yi, rabin labarin ta faɗa. Masu fiffiken angwaye da amare ne. Mazan suna mutuwa bayan barbara, matan kuwa su karya fiffikensu su shiga ƙasa su kafa sabon gida.

A nan ya kamata a duba da kyau, domin ba duk mai fiffike ne tururuwa ba. Shingen da ke cika ƙwan lantarki bayan ruwan farko 'ya'yan gara ne, ita kuwa gara ta fi kusa da kyankyaso a dangantaka. Tururuwa tana da siririn ƙugu, fiffikenta na gaba ya fi na baya tsawo. Gara ba ta da ƙugu, fiffikenta huɗu tsawonsu ɗaya. Idan aka ga hanyar laka tana hawa bango ta nufi rufi, lemun tsami da toka ba su da abin yi a wurin, katakon rufin za a kira kafinta ya duba.

Abin da ke aiki

Na farko murfi. Suga, madara, zuma, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, duk su koma cikin kwalba ko roba mai murfin murɗawa. Leda ba ta tare kiyashi, ƙullin bakinta ƙofa ce a wurinsa. A goge gindin kwalbar man gyaɗa da ta manja, a wanke kwanukan dare kafin a kwanta, a fitar da shara kullum.

Na biyu ruwa a ƙafar kabad. Tsohuwar dabarar tsoma ƙafafun teburin abinci cikin gwangwanaye masu ruwa tana aiki sosai, in dai teburin bai jingina da bango ba. A ɗiga ruwan omo a ciki, domin in ƙura ta kwanta a saman ruwa kiyashi yana takawa ya haye. A riƙa sauya ruwan duk bayan kwana 3, don sauro yana iya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin mako guda zuwa kwana 10. Man basilin da aka shafa zobe a ƙafar gadon jariri ma yana tarewa har sai ƙura ta rufe shi.

Na uku, kafin a goge layi a bi shi a ga inda ya ɓullo. Yawanci tsaga ce a gindin bango, ko gefen firam ɗin taga, ko ramin da mai aikin famfo ya fasa bai toshe ba. Kwano ɗaya na siminti ya isa ɗaki guda. A sare reshen mangwaro ko gwaba da ya taɓa kwanon rufi, domin gada ce, kuma ƙwarin darɓa da ke kan ganyen suna fitar da ruwa mai zaƙi da ke tara cinnaku. Bishiyar kanta a bar ta da jajayen cinnakunta masu ɗinke ganye: bincike a Jamhuriyar Benin ya nuna suna rage ɓarnar ƙudan da ke sa wa mangwaro tsutsa.

Idan ramin yana tsakar gida, tafasasshen ruwa yana taimakawa. Masanan jami'ar Texas A&M sun ce kimanin lita 11 kan kashe gida 6 cikin 10 na jan cinnakan ƙasarsu. A yi shi lokacin da yara ba sa kusa, kuma nesa da shuka.

Abin da ke isa wurin uwar a cikin bango shi ne tarkon abinci. Masanan Jami'ar Kalifoniya suna ba da awon rabin ƙaramin cokali na garin borik asid, da ƙaramin cokali 9 na suga, a kofi 1 na ruwan zafi. Ƙarancin maganin da gangan ne: so ake ma'aikaciya ta sha, ta rayu har ta koma gida ta ɗura wa uwar da 'ya'ya. In aka cika hannu, a hanya za ta mutu. Borik asid da ɗan'uwansa boras daga ma'adinin ƙasa suke, amma wannan bai sa sun zama abin sha ba. A jiƙa auduga da haɗin, a sa a ƙaramar roba mai murfi da aka huda, a rubuta a jikinta, a tura bayan kabad inda yaro da kyanwa da kaza ba sa kaiwa. Kanwa ba ta maye gurbinsa, domin ba ta da sinadarin boron da ke yin aikin.

A kwanakin farko layin ƙaruwa zai yi, kuma a lokacin ne mutane ke ɗauko tsintsiya su ɓata shirin. A ƙyale su su yi ta jigila, ana sabunta audugar in ta bushe, domin aikin yakan ɗauki makonni. In sun ƙi kula ruwan sugan, masu son maiƙo ne, sai a kwaɓa ɗan garin borik asid ɗin da tunkuza. A gidan haya mai ɗakuna goma a jere kuwa, gidan kiyashi ɗaya yana iya ciyar da kansa daga ɗakuna da yawa ta cikin bango guda, don haka sai masu haya sun sa rana ɗaya ta gyaran madafa da wurin zuba shara, mai gida kuma ya toshe tsagogin gini tun cikin Maris, kafin hadari ya fara haɗuwa.